Tsohon Magini da Ya Daina Miƙewa: Nazarin Lamari Daga Wani Gidan Gajiyayyu a Katsina

Asalinsa da zuwansa gidan

Dattijon da wannan nazari ya shafa mutumin cikin birnin Katsina ne, kuma ginin ƙasa ne sana'arsa tun yana saurayi. Ba shi da takardar haihuwa, amma iyayensa sun shaida masa cewa an haife shi a shekarar da aka naɗa Sarki Usman Nagogo, wato 1944, saboda haka yana gab da cika shekara 80 lokacin da abin da za a bayyana ya faru. Ya shafe fiye da shekara 40 yana cuɗa ƙasa da ƙafa, yana dunƙula tubali, yana hawa katanga, har lokacin da bulo da siminti suka kori ginin ƙasa daga yawancin unguwanni, ƙarfinsa kuma ya fara ja da baya. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo da ya rayu ya tafi kudu neman abinci aka daina jin ɗuriyarsa, gidan da yake ciki kuma na gado ne da aka sayar aka raba kuɗin. Mai unguwa ne ya kai maganarsa ga jami'an jin daɗin jama'a, su kuma suka samar masa wuri a wani gidan gajiyayyu.

A ƙasar Hausa ba a saba kai tsoho irin wannan gida ba matuƙar yana da ɗa ko jika ko ɗan ɗan'uwa da zai riƙe shi, don haka yawancin waɗanda ke ciki mutane ne da suka rasa kowa. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi a 2021, amma abin da ke tafiyar da rayuwar wannan gida kullum shi ne ma'aikaciyar jinya ɗaya, masu hidima biyu, mai dafa abinci da maigadi, a kan tsofaffi kimanin 20 maza da mata.

A shekararsa ta farko a gidan ba shi da wata matsalar tafiya. Yana zuwa ƙaramin masallacin da ke bakin ƙofa sau biyar a rana ba tare da sanda ba, tazarar mita 40 daga ɗakinsa, yana share ƙofar ɗakin da kansa, ranar Juma'a kuma yana bin sauran maza zuwa masallacin unguwa. Abu uku ne a rubuce a katinsa na asibiti: hawan jini, wanda yake shan magani iri biyu dominsa, ciwon gwiwa na shekara da shekaru, da yanar ido da ta fara rufe masa idon hagu.

Disamba: faɗuwar asuba

A mako na biyu na watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, ya tashi da asuba zai kama ruwa ya yi alwala. Ya miƙe daga shimfiɗa da hanzari kamar yadda ya saba, ya yi 'yan taku, ya faɗi a bakin makewayi inda ruwan alwalar wasu ya jiƙa siminti. Ya daɗe a kwance cikin sanyi kafin maigadi ya ji nishinsa ya kira mutum biyu suka ɗauke shi. Da hantsi aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙugu da gwiwa, ba a ga karaya ko tsagewar ƙashi ba, sai buguwa a ƙugun dama. An ba shi maganin rage zafi, aka ce ya je ya huta.

Faɗuwa irin wannan ba baƙon abu ba ce ga tsofaffi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara, a gidajen kula da tsofaffi kuma adadin yana kaiwa kashi 30 zuwa 50.

Likitan yana nufin hutun 'yan kwanaki ne, amma ba wanda ya faɗi ranar da hutun zai ƙare, ba kuma wanda ya tambaya. Daga ranar aka fara kai masa abinci har shimfiɗa, aka ajiye masa buta da fo a gefe, ya koma yin sallah a zaune. Masu hidimar sun yi haka ne da zuciya ɗaya, domin a tarbiyyar da suka tashi da ita abin kunya ne yaro yana tsaye dattijo ya miƙe ɗaukar buta.

Janairu: zaman tabarma da abin da yake cewa

Kafin ƙarshen Janairu buguwar ta warke, ƙugun ya daina zafi ko an danna, amma bai tashi ba. Iyakar motsinsa shi ne ya ja jiki daga shimfiɗa zuwa tabarmar ƙofar ɗaki idan rana ta ɗaga, ya koma idan iska ta fara. Ma'aikaciyar jinyar ta lura wandonsa ya yi masa yawa a cinya, cin abincinsa ya ragu, kuma ciki ya fara ɗaure masa. Tsokar tsoho tana zubewa da sauri idan ba a aiki da ita. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 67 ne, na kwana 10 kacal, sai aka tarar sun yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu da kusan kashi 16 cikin 100 na ƙarfin miƙe gwiwa. Wannan dattijo a lokacin ya haura mako shida a zaune.

Dalilansa ba a rana ɗaya ya faɗe su ba. Ma'aikaciyar ta tsinto su ne kaɗan kaɗan a cikin hira, yawanci lokacin da take ba shi magani. Na farko shi ne sanyi. A ganinsa danshin ƙasar da ya yi shekaru yana cuɗawa ya daɗe da shiga ƙashinsa, kwanciyar da ya yi a jiƙaƙƙen siminti da asuba ta tayar da shi, kuma motsi yana yaɗa sanyin daga gwiwa zuwa ƙugu da baya. Na biyu, ya yi imani cewa ƙarfin ɗan Adam abu ne da aka auna masa, shi kuwa ya kashe nasa a kan katangun mutane, ɗan abin da ya rage kamata ya yi a tattala shi don ibada. Na uku shi ne wanda ya fi kafewa a kansa, domin yana da madogara a addini. Ya san hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda aka yi umarni da neman magani saboda Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da guda ɗaya, wato tsufa. Duk lokacin da aka matsa masa sai ya ce, "Ɗiyata, abin da ke damuna shi ne wanda aka ce ba shi da magani."

Akwai kuma batun girma. Motsa jiki a saninsa aikin soja ne da 'yan makaranta da 'yan ƙwallo, kuma mai furfura da ya tsaya yana ɗaga ƙafa a gaban jikokinsa ya zubar da mutuncinsa. Abin da bai taɓa faɗa kai tsaye ba, sai dai a fahimta daga yadda yake kawar da kai idan aka ambaci ranar, shi ne kunyar yadda aka same shi a bakin makewayi, tufafinsa a jiƙe, yara na ɗaga shi. Ya gwammace ya zauna har abada da a sake ganinsa a wannan hali.

Fabrairu: abin da aka fara gwadawa

Shi da kansa ya nemi a kira wanzami, aka yi masa ƙaho sau biyu a gwiwoyin biyu, aka kuma sayo masa man zafi da wani jiƙo na sanyi. Bayan kowane ƙaho yakan ce ya ji sauƙi na kwana ɗaya ko biyu. Wanzamin ya gargaɗe shi da ya guji iska da ruwan sanyi da wahalar da ƙafa, wanda ya zo daidai da abin da ya riga ya yarda da shi.

A tsakiyar watan wasu ɗalibai masu koyon aikin lafiya suka zo aikin sa kai, suka shirya motsa jikin safe a tsakar gida da ƙarfe 7, maza da mata a wuri ɗaya, ana ƙirgawa ana tafi. An fito da shi sau ɗaya ya zauna yana kallo cikin bargo. Washegari ya ce kada a sake, kuma ba shi kaɗai ya ƙi ba, don kafin mako biyu shirin ya mutu saboda rashin masu fitowa. Daga nan wani daga cikin masu hidima ya gwada tsoratarwa: ya ce masa in bai tashi ba zai gurgunce, gyambon kwanciya ya fito masa a baya, ya mutu a wulaƙance. Dattijon ya amsa da cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, sannan ya yi kwanaki ba ya yi wa mutumin magana.

Wani mai hali ya kawo wa gidan kyautar keken guragu, aka ba shi, aka riƙa tura shi zuwa gindin bedi ya sha hantsi. Ya ji daɗin ganin mutane, amma ko ɗan jan jikin da yake yi zuwa tabarma ya daina. A ƙarshen watan masu hidimar biyu suka yanke shawarar tayar da shi da ƙarfi. Suka kama shi ta hammata suka miƙar da shi tsaye a lokaci ɗaya, bai yi taku uku ba gumi ya karyo masa, gwiwoyinsa suka saki, da ƙyar aka mayar da shi shimfiɗa bai suma ba. Bayan wannan ya ce ai ga shi kowa ya gani da idonsa.

Farkon Maris: awo

Ma'aikaciyar jinyar ta samu wani likitan fisiyo, daga sashen da mutane suka fi sani da sashen gashi a wani asibitin birnin, ya yarda zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako don Allah. A zuwansa na farko bai ce da dattijon ya tashi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar, suka gaisa sosai, ya tambaye shi labarin gini, sai can ya ce, "Baba, idan ka miƙe tsaye, me kake ji kafin gwiwar ta fara ciwo?" Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙasa ce ke juyawa da ni, ɗana, idona ya yi duhu." Da aka bi maganar sai ta bayyana cewa jirin ya riga faɗuwar da watanni, kuma shi ne ya kayar da shi ranar da asuba, ba santsi kaɗai ba. Ya ɓoye ne don kada a ce iska ce ta taɓa shi, ko a kwantar da shi a asibiti.

An auna jininsa a kwance aka samu 140 bisa 82. Aka zaunar da shi, aka miƙar da shi a hankali yana dafe da bango, bayan minti 1 awon ya sauka zuwa 112 bisa 70. A ƙa'idar likitoci, idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10 ko fiye, cikin minti 3 da miƙewa, to mutum yana da matsalar faɗuwar jini yayin tsayuwa, wadda ke hana isasshen jini kaiwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Abubuwa da dama sun haɗu suka jawo masa ita. Ɗaya daga cikin magungunan hawan jininsa mai sa yawan fitsari ne. Shi kuma ya rage shan ruwa da gangan don kada ya buƙaci fita da dare. Yana kuma shan wata ƙwayar mura mai sa barci da wani yaro ke sayo masa a kemis ba da sanin kowa ba. Doguwar kwanciyar ita ma tana ƙara raunana yadda jijiyoyin jini ke matsewa idan mutum ya miƙe.

An yi masa gwaji biyu da ake yi wa tsofaffi a ko'ina. Na farko, mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Shi ya yi a sakan 34, da sanda, da mutum a gefensa. Na biyu, sau nawa zai iya miƙewa daga kujera cikin sakan 30 ba tare da dafawa ba. Ga namiji mai shekara 75 zuwa 79, ƙasa da sau 11 ana ɗaukarsa rauni. Shi bai iya ko sau ɗaya ba. Kaurin sharaɓarsa santimita 29 ne, ƙasa da 31 da ake amfani da shi wajen gane ramar tsoka. Gwiwoyin kuwa amosanin gaɓɓai ne na tsufa, babu kumburi mai zafi, babu abin da ke hana a taka su.

An koma da shi wurin likitan da ke duba hawan jininsa da waɗannan alƙaluma. Likitan ya sauya maganin mai sa fitsari, ya hana ƙwayar murar. Aka ajiye masa ruwa kusa, aka koya masa ya riƙa zama a bakin shimfiɗa yana motsa ƙafafu na ɗan lokaci kafin ya miƙe.

Maris da Afrilu: azumi da zuwan liman

Azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kusantar digiri 40. Ya dage zai yi, ya yi 'yan kwanakin farko, jirin ya dawo fiye da da. Ma'aikaciyar jinyar ta ga cewa maganarta ba za ta yi nauyi a wannan fage ba, sai ta roƙi limamin masallacin unguwa, wanda dattijon ke girmamawa, ya zo ya gan shi. Liman ya bayyana masa rangwamen da aka yi wa tsohon da azumi ke cutarwa, da cewa a mazhabar Malikiyya ciyarwar da ake so ya yi mustahabbi ce, mudun Annabi ɗaya a kowace rana, kuma wani maƙwabci ya ɗauki nauyinta. Ya karɓa da ƙyar.

Liman ya ci gaba da leƙo shi bayan La'asar, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan zama ne dattijon ya kawo hadisin tsufa. Liman bai musa masa ba. Ya ce, "Baba, tsufa kam ba shi da magani, haka abin yake. To amma da kaka ma kai tsoho ne, kuma da ƙafarka kake zuwa sahu. Shekara nawa ka ƙara daga kaka zuwa yau?" Sannan ya tuna masa karatun da ya yi na Ahalari yana yaro, inda aka jera halayen da ake yin sallar farilla a kansu: tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina. Tsakanin cikakkiyar tsayuwa da zama akwai matakin da ya tsallake. Liman ya yi taka-tsantsan a nan, ya tabbatar masa cewa sallolin da ya yi a zaune ingantattu ne, domin hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ce wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Abin da ya ɗora masa kawai shi ne, idan akwai hanyar dawo da tsayuwar, nemanta alheri ne. Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, in jirin ya bar ni zan gwada."

A ƙarshen Afrilu aka sake awo, bambancin kwance da tsaye ya ragu zuwa 10 a lambar sama, kuma ya ce duhun idon ya tafi.

Mayu zuwa Yuli: komawa sahu

Likitan fisiyon ya tsara masa shiri wanda ya ɗauko yawancinsa daga tsarin da Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand ta ƙirƙiro domin tsofaffi, wanda gwaje-gwaje suka nuna yana rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. Ba wanda ya kira shi motsa jiki a gaban dattijon. A gidan ana ce masa shirin komawa sahu. Ana yi ranakun Asabar, Litinin da Laraba, a cikin ɗaki, labule a sake, daga shi sai mai hidima namiji ɗaya da aka koya wa aikin. Kafin a fara ana gasa masa gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi na minti 10. Gashin yana sassauta gaɓa, shi kuma a wajensa sanyin ake kora kafin a motsa ƙafar, kuma ba wanda ya ga dalilin yi masa gardama a kan haka.

An fara da miƙewa daga benci da aka ɗora wa matashi biyu don ya yi tudu, sau 5, yana dafawa. Sai ɗaga diddige yana riƙe da taga, sai takawa gefe gefe yana bin bango, sai miƙe gwiwa a zaune da ɗan buhun yashi na rabin kilo da tela ya ɗinka aka ɗaura a idon sawu. Duk mako biyu ana cire wani abu na sauƙi ko a ƙara nauyi, har buhun ya kai kilo 2, matasan kuma aka janye su. An gaya masa tun farko cewa gwiwar za ta yi ɗan ciwo, kuma ciwon da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ne. Likitan ya yi masa bayanin cewa guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa idan ana lanƙwasawa ana takawa, kuma tsokar gaban cinya ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi. An ƙara masa ƙosai a kan kokon safe, da awara ko kindirmo idan an samu. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a makewayi, aka sa fitila a hanyar, aka mayar da keken guragun ɗakin ajiya.

Abin da ya fi wuya shi ne sauya hannun masu hidima. Sai da ma'aikaciyar jinyar ta zaunar da su ta ce daga yau buta a bakin ƙofa za a ajiye ta, abinci kuma a gindin bedi, mita 12 daga ɗakin, kuma aikinsu su tsaya kusa da shi har ya isa. Ɗayansu ya ce mutane za su zage su da rashin tausayi. Sun yi mako biyu suna mantawa suna miƙa masa abu kafin hannunsu ya saba.

A ƙarshen Mayu, kafin ruwa ya sauka, shugaban gidan ya roƙe shi ya duba wasu samari biyu da aka ɗauko su yi wa ɗakin ajiya na ƙasa yaɓe. Wurin mita 25 ne daga ɗakinsa. Ya tafi da sanda, ya tsaya ya jingina da bango, ya sa hannu a kwaɓin ya murza, ya ce makubar ta yi kaɗan, ruwan farko zai wanke ta. Ya sa aka ƙara, ya nuna musu inda gara ta ci gindin bangon. Kwana uku yana zuwa, kowace rana yana tsayuwar da ta fi duk wadda ya taɓa yi a ɗaki. A nan ne ya ce wa mai hidimar, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, ɗakin da aka rufe aka daina shiga shi ne ke fara zubewa.

A tsakiyar Yuni ya fara kabbarar farilla a tsaye yana jingine da bango. A ƙarshen watan gwajin mita 3 ya sauka zuwa sakan 19, miƙewa daga kujera ta kai sau 5. A Yuli ya koma masallacin bakin ƙofa don Azahar da La'asar, awon kuma ya zama sakan 17 da sau 7.

Agusta: zazzaɓi

A tsakiyar damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana 9. An yi gwaji an ba shi magani, kuma tun rana ta uku, da zafin jikin ya sauka, aka riƙa zaunar da shi a benci, a miƙar da shi sau biyu ko uku a rana. Duk da haka awon ya koma sakan 23 da sau 4. Ya ce ruwan sama ne ya tayar da sanyin, amma shi ya fara tambayar ina buhun yashin. Cikin mako uku ya dawo inda yake.

Oktoba: inda aka tsaya

Awon ƙarshe da aka yi a Oktoba ya nuna sakan 15 da sanda, miƙewa sau 8, sharaɓa santimita 30. Duka ukun ba su kai ma'aunin da ake so ba, don haka har yanzu yana cikin masu haɗarin faɗuwa. Bai sake faɗuwa ba tun Disamba. Yana zuwa masallacin bakin ƙofa sau huɗu a rana, Asuba kuma yana yi a ɗaki. Yana tsayuwa da ruku'u, amma sujada a kan kujera yake yi da nuni, domin sauka ƙasa da tasowa sun fi ƙarfin gwiwar. Ya ƙi yarda a yi masa aikin yanar ido. Har yau ya yi imani cewa sanyi ne a ƙashinsa, kuma yana kiran wanzami lokaci lokaci.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Hukuncina shi ne, wannan dattijo bai zauna don lalaci ko taurin kai ba. Mutum ne da jikinsa ke gaya masa gaskiya cewa tsayuwa haɗari ce, ya kuma fassara wannan gaskiyar da ilimin da yake da shi, wato sanyi da ƙarewar ƙarfi da tsufa. Duk wanda ya ce masa ya tashi alhali jirin yana nan, yana neman ya ƙaryata abin da yake ji a jikinsa ne, kuma tayar da shi da ƙarfi da aka yi a Fabrairu ya ƙara masa hujja. Shi ya sa nake ganin awon jini a kwance da a tsaye, wanda bai ci minti biyar ba, shi ne matakin da sauran duka suka dogara a kansa, kuma abin baƙin ciki ne cewa sai bayan kusan wata uku aka yi shi.

Masana halayyar lafiya a Amurka, irin su Hochbaum da Rosenstock, sun tsara tun shekarun 1950 cewa mutum yana ɗaukar matakin lafiya ne gwargwadon yadda yake ganin haɗarin ya shafe shi, da tsananinsa, da amfanin matakin, da abin da zai hana shi, da kuma abin da zai zaburar da shi. A 1988 aka ƙara abu ɗaya a kan waɗannan, wato yardar mutum cewa zai iya. Idan aka ɗora wannan lamari a kan haka, tsoratarwar ta faɗi ne saboda ta ƙara masa abin da yake da shi da yawa, wato tsoro, ba ta rage masa ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana shi ba. Motsa jikin tsakar gida ya faɗi saboda ya haɗa masa sanyin safiya da idon mata da yara, kuma amfanin da aka yi masa alkawari, wato ƙarin lafiya, ba abin da yake nema ba ne. Abin da yake nema shi ne sahu, sai kuma a sake buƙatar saninsa. Liman ya yi tasiri ne domin bai rushe masa hadisin da ya riƙe ba, ya raba masa tsufa da raunin da zama ya haifar. Yardar cewa zai iya kuwa daga ƙafarsa ta zo, daga sau 5 a kan benci mai tudu zuwa tsayuwa a bakin kwaɓi.

Cewa tsokar tsoho tana amsa aiki abu ne tabbatacce. A 1994 Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi a Boston a kan mazauna gidan tsofaffi 100, matsakaicin shekarunsu 87, inda ƙarfin tsokar waɗanda suka yi atisayen ɗaga nauyi na mako 10 ya ninka har da ɗoriya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3, wanda bai iya ba kuma ya yi gwargwadon ikonsa. Wannan dattijo bai kai minti 150 ba, amma kwana ukun yana cika su.

Ba a buƙaci ya bar imaninsa game da sanyi ba kafin ya tashi. An bar masa shi, an ma yi aiki da shi ta hanyar gashi da zaɓen lokaci. Imanin da ya zama dole a sauya shi ne na masu hidima, cewa girmama tsoho shi ne a ɗauke masa kowane motsi, domin su ne ke tare da shi dare da rana. Gyara da yawa sun zo a tare, ga magani, ga abinci, ga wucewar hunturu, don haka ba daidai ba ne a ba abu ɗaya dukan yabon.

Abin da ke damuna yanzu shi ne dukan shirin yana rataye a wuyan ma'aikaciyar jinya ɗaya da likitan da ba a biyansa. Da ta tafi hutu na mako biyu a Satumba, sau biyu kacal aka yi zaman. Maza biyu sun shiga shirin bayan sun ga dattijon a masallaci, kuma an fara auna jinin kowane mazaunin gidan a kwance da a tsaye sau ɗaya a wata. A ɓangaren mata, inda uku suka daina fita daga ɗaki, ba a fara komai ba tukuna, domin ba a samu mace da za a koya wa aikin ba, kuma ba za su yarda namiji ya kama musu ƙafa ba.